Azarar da Gara Ta Ci

Ka tambaye ni ma'anar kalmar nan ta Turanci, remorse. In na ce maka nadama ban yi ƙarya ba, amma ba irin nadamar wanda ciniki ya kwaɓe masa ba ce. Ita wannan ciwon zuciya ne kan cutar da ka yi wa wani. Saurari labarin wani magini.

An sa shi ya rufa wa wata tsohuwa soro. Ana gab da gamawa azara ta ƙare masa, saura guda ɗaya wadda gara ta riga ta cinye cikinta. Da ganinta kawai ya san ba ta da ƙarko, amma ƙiwa ta hana shi komawa kasuwa. Ya ɗora ta a tsakiyar rufi, ya lulluɓe da ƙasa, ya shafe sumul, har mutane suka riƙa yaba hannunsa. Tsohuwa ta tare. Duk sanda ya bi ta ƙofar gidan sai ta ɗaga murya ta ce, "Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini ɗaki." Addu'ar nan ta zame masa ƙaya a maƙogwaro. Da damina ta kama, in hadari ya haɗo daga gabas sai tuwo ya ƙi wuce masa, don ya san ƙasar rufi in ta sha ruwa nauyinta ninkawa yake yi, tsohuwa kuwa daidai ƙarƙashin azarar take shimfiɗa tabarmarta.

Da farko gogan naka ya so ya yi wayo. Ya je wai zai duba indararo, ko ya samu ya gyara ɓarnarsa a ɓoye. Ina! Azarar tsakiya ba ta fita sai an yaye rufi, ɗan tsohuwar kuma ya tsare shi da tambayar dalili. Magini ya dubi tabarmar nan, ya sunkuyar da kai, ya faɗi abin da ya yi a gaban maƙwabta. Ya sha zagi har da na kakanni. Aka fitar da tsohuwa da kayanta, ya hau ya yaye ƙasar. Yana taɓa azarar ta karye gida biyu, gari na zubowa daga cikinta. Kowa ya hau salati. Shi kuwa ya zauna a kan katanga ya saki ajiyar zuciya, yana kallon tsohuwa a gindin bishiya tana jan carbinta lafiya lau. Ya sake rufin da azarar namijin giginya, ran nan kuma ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Wanda nadama irin wannan ta kama ba ya tsayawa tattalin sunansa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.