Fuskar 'Yar Ruwa

"Baba, ka ba ni tatsuniyar 'yar ruwa, ni kuma in zana ka kyauta."

Ɗaliba ce daga Birnin Kebbi, tana zana fuskokin mutanen tatsuniya. Na tsufa ina dillancin albasa a Argungu, ba a taɓa ƙwarata a ciniki ba. Hoto sukutum a bakin zancen yara? Na ce, "Na yarda, ɗiyata."

Ta zauna a rumfata. "Yaya idonta? Haƙoranta fa?"

Na riƙa faɗin abin da ya zo bakina: wushirya, tabon ƙuna a haɓa, ido kamar mai jin barci.

Bayan damina ta kawo hotuna biyu gida, nawa da na 'yar ruwa. Matata na ganin 'yar ruwan ta zube ƙasa, tana kiran sunan 'yarmu ta fari, wadda kogi ya ci tun tana ƙarama.

Saboda kunyar 'yar fari ban taɓa kiran sunan nan ba, ban taɓa yarda mun haɗa ido ba. Ashe duk satar kallon da na yi yana nan ajiye. Ga ta a hoton tana dubana, ba ta ƙiftawa.

"Ɗiyata, riƙe nawa, ki bar mini wannan."

"Wallahi Baba, shi malamaina ke jira."

Ta naɗe shi ta tafi. Ita ta ci riba. Ni na faɗi a cinikin: da can kogi ya ƙwace ta, wannan karon da bakina na bayar.