Wa Ya Fasa Fitilar Badamasi?

Bakanike na tsugune a tsakar gidana yana ɗaura wa mashin sabon ƙoƙon fitila, ɗana Badamasi kuma na tsaye yana zazzaga wa ƙanensa masifa.

"Khalid, ba ni makulli. Daga yau ka gama acaɓa da mashin ɗina. Kwana ɗaya na yi a Guri wajen ɗaurin aure, na dawo na tarar da fitila a tarwatse!"

"Yaya, wallahi ban hau ba."

"To aljani ne ya hau?"

Na ce, "Badamasi, shekara biyu ka yi kana shan nonona, ban taɓa cewa ka biya ba. Yau za ka biya. Bar masa makullin nan. Ba shi ba ne, a gabana aka yi."

"To wane ne, Inna?"

"Bakina da goro."

Ya fice yana ƙunƙuni.

Da bakaniken ya gama ɗaure noti, na yafito shi bayan rumbu.

"Ɗan nan, tsakaninka da Allah, birkin abin nan a hannu yake ko a ƙafa? Jiya na murɗa na hannun, sai ya ƙara gudu."