Gangar da Zanzaro Ya Shiga

Shekara shida ba na gida. Na dawo na tarar an sare tsamiyar ƙofar gidanmu, rijiya ta koma famfo, gemun Baba ya yi fari fat. Ƙanwata Barira kuwa, wadda na bari da surutu kamar kanari, ta baro jami'a ana tsakiyar karatu. Wai da ta doshi ɗakin jarrabawa sai ƙirjinta ya hau bugu, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya ƙi. Sau uku tana zuwa asibitin makaranta tana ce musu zazzaɓi ne. Yanzu ta ce ita da karatu sai wata rana.

Baba bai yi faɗa ba. Da la'asar sakaliya, rana ta yi laushi, ya kira ta gindin rumbu ya ce, "Auta, zauna ki ji wani misali." Ni ina daga gefe.

Ya ce an yi wani makaɗin manoma da ke da ganga mai daɗin amo, har tsuntsaye kan yi shiru in ya taɓa ta. Wata damina ya fara jin wani siririn kuka a cikinta, ziii, kamar daga nesa. Shi kaɗai ke ji, don a jikinsa take rataye. Ya ji tsoron a ce gangarsa ta lalace, sai ya ƙara ƙarfin kiɗa. Manoma suna ta yabo, shi kuwa kukan yana bin sa har cikin salla. Sau uku yana kai ta wurin tsohon da ke ɗaure ganguna, kullum sai ya ce, "A ɗan ja mini tsarkiya." Tsoho ya ja, ya miƙa masa. A na huɗu hannunsa ya riga ya daina bin kiɗa. Tsohon ya dube shi ya ce, "Kai, ni fa abin da aka faɗa mini nake gyarawa." Nan makaɗin ya faɗa masa gaskiya. Aka kwance fatar, sai ga zanzaro ya shiga ta wata 'yar kafa ya gina ɗakinsa a ciki. Aka kankare, aka mayar da fata, ganga ta ci gaba da tashin gayya shekara da shekaru.

Barira ta daɗe tana zane a ƙasa da tsinke. Ta ce, "Baba, in na je wurin likitan ƙwaƙwalwa cewa za a yi na haukace."

Ya ce, "Wa ya ce makaɗin nan mahaukaci ne?"

Kwana biyu bayan haka ƙafata ta fara ƙaiƙayin tafiya kamar yadda ta saba. Ina cusa kaya a jaka sai ga ta da tata a bakin ƙofa. "Yaya, ka sauke ni a makaranta. Amma ka raka ni har ƙofar likitan, kada in sake cewa zazzaɓi."

Baba yana alwala, bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ku je. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."