Macijin Cikin Kwalba

Eulalia na tsinkar 'ya'yan kofi ta ji ihun mijinta. Ta tarar da Crispín zaune a ƙasa, ya damƙe ɗan yatsa, ga ɗigon jini biyu kamar sukar allura.

"Ja ne da baƙi da rawaya," ya ce. "Ɗan siriri. Ya bi ta can."

A tsaunukan Veracruz macizai biyu ne masu wannan ado. Ɗaya ko kaza ba ya kashewa. Ɗayan kuwa sai ya bar mutum ya ci abincin rana, sannan ya tsayar masa da numfashi. Maganin dafinsa sai babban asibitin birni, tafiyar awa uku.

Ta juya kan Nicanor, ƙanin mijin nata, wanda a baki ya kashe macizai sun fi ɗari.

"Sarkin cika baki, yau ga ranarka. Kamo shi likita ta gani. In ka dawo hannu Rabbana, kada ka sake taka min gida."

Ya ɗauki adda ya shige cikin itatuwan kofin. Ya daɗe ƙwarai. Sai da ta kama Crispín ya hau a-kori-kura, ta ja carbinta na Budurwa Maryamu har ƙarshe, sannan ya ɓullo ta bayan garken shanu da maciji a kwalba.

A ƙaramin asibitin ƙauye, Dakta Ofelia ta ɗaga kwalbar wajen haske, ta bi zanen da bakin biro.

"Duba nan, Baba. Ja ya jingina da baƙi, bai taɓa rawaya ba. Mai farautar ɓera ne, wanda tsofaffi ke wa sharrin tsotse nonon saniya. Ba shi da dafi. Ji ƙato, ya ƙoshi abinsa."

Ta wanke yatsan, ta sallame su. Eulalia ta yi kukan murna, ta sayo wa Nicanor tamale mai zafi, dafaffen ƙullin masara a ganye, a bakin ƙofa. Ya ajiye kusa da sitiyari, bai ko buɗe ganyen ba.

Sun yi nisa a hanyar gida Crispín ya ce, "Hanyar nan biyu nake gani."

Harshensa ya yi nauyi. Fatar idonsa na saukowa, yana ɗaga ta da yatsa. Yawu ya zubo masa a riga, ya kasa haɗiyewa.

"Gajiya ce," in ji Eulalia, amma tsoro ya kama ta.

Nicanor ya taka birki, ya juya kan motar zuwa birni, ya take ta iya ƙarfinta.

"Kai, ina za ka kai mu? Ba ka ji likita ta ce ba dafi ba?"

Bai dube ta ba. Hawaye na bin gemunsa.

"Matar Yaya, ki yafe ni. Wanda ya sare shi ya shige rami, ko wutsiyarsa ban gani ba. Tsoron bakinki ya sa na kamo wannan a garke."