Baƙar Lemar Piyasena

A wancan zamani, masoya a birnin Galle kan zauna a kan ganuwar bakin teku, su karkata lema yadda mai wucewa ba ya ganin komai sai ƙafafu. Piyasena, ɗan masunci, ya tako da budurwarsa Irangani tun daga gaɓar da kwale-kwale ke kwana, takalmansu cike da yashi, suka zauna a kan ganuwar, sannan ya buɗe baƙar lemarsa.

"Jibi zan tafi Colombo," in ji shi. "Babanki ya ce jikokinsa ba za su yi ƙarnin kifi ba. Gara in ba ki wuri."

"Yaya, lemar nan ma ƙarni take yi. Ka taɓa jin na yi ƙorafi?"

Bai yi dariya ba, don ta gefen lemar ya hango kawunta, malamin makaranta, tafe cikin farin zane yana shan iska. Ya ƙara sunkuyar da lemar.

"Janye ƙafarki, ya san takalminki."

Ta dube shi, ta dubi teku. Sai ta ɗora hannunta kan nasa, ta naɗe lemar a hankali. Rana ta haske su.

"Kawu, ina wuni?" ta ce da ƙarfi. "Ga Piyasena. Gida za mu."

Dattijon ya tsaya, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallonsu.

"To, ku shige gaba," ya ce. "Ba ni zan fara kai wa ubanki wannan labari ba."