Ledar Ƙarƙashin Katifa

Tun da aka hana tsohuwar leda, duk ledar garin da rogo ake yin ta. Kwana arba'in take yi ta ruɓe, kuma doka ce a kai ta ramin takin unguwa kowace Alhamis.

Iya Tabawa ta san dokar, hannunta ne bai saba ba. Shekara sittin ke nan, duk abin da take ji da shi a leda take ƙullewa ta tura ƙarƙashin katifa. Haka ta yi da hoton marigayiya 'yarta Kande, guda ɗaya tak da ya rage.

Da safen nan ta ɗaga katifar, ta tarar da baƙin dunƙule mai danshi, leda da hoto sun zama abu ɗaya. Ta ɗauko shi a tafin hannu, ta je ta bi layi.

"Iya, takarda ce ko leda?" in ji Sallau mai tsaron ramin. "Kowacce da kwandonta."

Ta juya dunƙulen. A gefe akwai ɗan fari-fari, wataƙila ɗankwalin Kande ne.

"'Yata ce."

Sallau ya dubi tsawon layin, ya buɗe mata kwandon leda. Ta saka, ta goge hannu a zani, ta wuce sayen barkono. Aka ƙulle mata shi a leda.