Zaren da Na Kwance

Ni na kwance zaren da hannuna. Baba ya ɗaure fiffiken tantabarar da ya sayo mini a Maska, ya ce a bar ta haka sai ta saba da gidanmu. Kwana uku ina kallonta tana 'yan tsalle-tsalle a tsakar gida, tausayi ya kama ni. Ina kwancewa ta yi sama, ko waiwaye babu.

Da Baba ya dawo daga gonar auduga bayan azahar, ya tarar da ni gaban akurki, zare a hannu. Na riga na saddaƙar yau sai bulala.

Ya dubi zaren, ya dube ni. "Share majinar nan," ya ce. "Ba ɓata ta yi ba, tsohon gidanta ta koma. Hau keke."

Ko ruwa bai sha ba. Tun daga Funtuwa na ƙanƙame shi ta baya, rigarsa sharkaf da zufa, tana ƙamshin jar ƙasa.

Muna isa gidan dattijon da ya sayar mana da ita, sai ga ta bisa rumbu tana gyaran gashi abinta. Na fashe da dariya, hawaye na zuba.

Dattijon ya kamo ta ya miƙa wa Baba. Baba ya nuna ni: "Ba mai ita. Shi ya kwance, shi zai ɗaure."

Har yau in ɗana ya yi ɓarna, na buɗe baki zan yi faɗa, sai ƙamshin rigar nan ya dawo mini. Sai in ce masa: "Share majinar nan."